Sauya kwamfutar gem daga Windows zuwa Linux: Inda ake cin riba da inda ake cizon yatsa

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10 kulawar tsaro ta kyauta, bayan shekara goma da fitowarta. Matakin ya taɓa Arewacin Najeriya sosai, domin da yawa daga cikin kwamfutocin da ke ofisoshi da shaguna da gidajen gem na gwanjo ne. Daga Turai da Amurka ake shigo da su, a sare su a Ikeja ta Legas ko a kasuwannin Kano, kafin su isa garuruwa irin su Haɗeja da Auyo a Jihar Jigawa.

Yawancin irin waɗannan na'urori ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Shi ya sa shawarar da ake yawan bai wa masu su ita ce su koma Linux, babbar manhajar da ba a biyan kuɗin lasisinta. Ga wanda aikinsa bai wuce rubuta takardu da shiga intanet ba, shawarar tana da kyau. Amma ga kwamfutar da aka saya domin wasanni, musamman wadda ake neman abinci da ita, lamarin yana da sarƙaƙiya. Mafi yawan takaicin da masu sauyawa ke haɗuwa da shi ana iya hango shi tun kafin a goge komai, idan an san inda za a duba.

Mece ce Linux?

Babbar manhaja ita ce wadda ke fara tashi idan an kunna kwamfuta. Ita ke raba aiki tsakanin allo da madannai da ma'ajiya da sauran sassa, kuma a kanta sauran manhajoji ke zama, kamar yadda rumfuna ke zama a filin kasuwa.

Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ne ya sanar da fara aikin Linux ranar 25 ga Agusta, 1991, wato kwana biyu kafin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa. An haɗa aikinsa da manhajojin shirin GNU, wanda Richard Stallman ya assasa a Amurka a 1983, aka samu cikakkiyar babbar manhaja.

Ana kiranta buɗaɗɗiya ne saboda lasisinta ya halatta wa kowa ya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Wannan 'yanci ya sa ta kasu gida-gida. Akwai Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ɗauki nauyin fitarwa a 2004. Akwai Linux Mint, wadda fuskarta ta fi kama da ta Windows. Akwai Fedora da Debian da Arch, sannan akwai waɗanda aka shirya musamman don wasanni, irin su Bazzite da Nobara.

Duk mai wayar Android yana riƙe da Linux a aljihunsa, domin a kanta aka gina Android. Haka kuma tun daga 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Inda ta daɗe tana baya shi ne kwamfutar tebur da ta cinya, musamman a fagen wasanni.

Dalilan da ke sa a sauya

Windows 11 na buƙatar wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da RAM gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64. Sharaɗin da ya fi kayar da na'urorin gwanjo shi ne na furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta: in ban da 'yan kaɗan, sai ta Intel ƙarni na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen jerin 2000 zuwa sama. Kwamfutar da ke da Core i7 ƙarni na shida, komai lafiyarta, ba ta cikin lissafi.

Ƙarewar kulawa ba ta nufin kwamfutar za ta mutu. Za ta ci gaba da tashi kamar kullum, sai dai duk wata ɓaraka da aka gano daga baya ba za a toshe ta ba. Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin tsawaita kulawar tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ko dai da Dala 30 ko ta hanyar haɗa kwamfutar da asusun kamfanin. Sannan sannu a hankali sauran manhajoji kan janye. Dandalin sayar da wasanni na Steam, alal misali, ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 daga 1 ga Janairu, 2024.

Akwai kuma wasu dalilai. Linux ba ta buƙatar lasisin jabu. Ƙwayoyin cutar da ke yawo a filas daga shago zuwa shago galibi don Windows aka rubuta su. Wasu nau'o'inta kuma ba su da nauyi, suna farfaɗo da tsohuwar na'urar da ta fara jan ƙafa.

Yadda wasan Windows ke aiki a Linux

Kusan duk manyan wasannin kwamfuta don Windows ake rubuta su, kuma da wani tsarin Microsoft mai suna DirectX suke magana da katin hoto. Linux ba ta jin wannan yare, don haka sai an sa tafinta a tsakani.

Tsohon tafintan shi ne Wine, aikin da aka fara a 1993. A watan Agustan 2018, kamfanin Valve, mamallakin Steam, ya fitar da Proton, wanda ya haɗa Wine da wasu manhajojin da ke juya umarnin DirectX zuwa wani buɗaɗɗen tsari mai suna Vulkan. A Fabrairun 2022 kuma ya fitar da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu da ke aiki da Linux. Tun daga lokacin, dubban wasannin Windows suna tashi a Linux da dannawa ɗaya, wasu ma gudunsu bai bambanta da na Windows ba.

Duk da haka masu amfani da ita 'yan tsiraru ne. A ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata, sai a Oktoban 2025 Linux ta kai kashi 3 cikin 100, yayin da Windows ke da sama da kashi 90. Wannan rata ita ce tushen matsala mafi girma, domin kamfanin wasa ba ya jin asara idan ya rufe ƙofa ga mutum uku cikin ɗari.

Takaici na farko: Manhajar hana maguɗi

Wasannin da ake fafatawa ta intanet suna zuwa da manhajar da ke farautar masu maguɗi. Da yawa daga cikinsu a can cikin zuciyar Windows suke zama, inda suke ganin duk abin da ke motsi a na'urar. Proton ba ya iya fassara irin wannan. Kamfanonin kuma suna kafa hujja da cewa tun da kowa na iya sauya zuciyar Linux, mai maguɗi na iya ɓoye kayansa a inda ba za a gan shi ba.

A Satumban 2021, manyan masu wannan sana'a guda biyu, Easy Anti-Cheat da BattlEye, suka sanar da cewa manhajojinsu za su yi aiki da Proton. Sai dai zaɓi ya rage ga kamfanin kowane wasa, ya kunna ko ya bari. Wasu sun kunna, wasu sun ƙi, wasu kuma sun kunna daga baya suka kashe. Ga fitattun da abin ya shafa:

- Wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin EA: tun daga FIFA 23, wanda ya fito a 2022, har zuwa jerin EA Sports FC da suka gaje shi, ba sa aiki a Linux.
- Fortnite da PUBG na kwamfuta da Valorant da sababbin jerin Call of Duty: duk a rufe suke.
- League of Legends: an daɗe ana buga shi ta Wine, har zuwa 2024 lokacin da kamfanin Riot ya saka masa manhajarsa ta Vanguard.
- GTA V: ɓangaren labarin da mutum ke bugawa shi kaɗai yana aiki, amma ɓangaren intanet ya rufu a Satumban 2024 bayan an saka masa BattlEye.
- Apex Legends: ya yi aiki sama da shekara biyu, sannan aka toshe shi a ƙarshen Oktoban 2024.

Misalai uku na ƙarshe sun fi ciwo, domin sun nuna cewa wasan da ke aiki yau na iya daina aiki gobe ba tare da mai kwamfutar ya taɓa komai ba. Babu wani gwanin gyara a Haɗeja ko Kano ko Legas da zai iya warware wannan, tun da hukuncin daga hedikwatar kamfanin ya fito. Ƙoƙarin zagaye shingen kuma na iya jawo a rufe asusun mutum. Kamfanin Bungie ya yi irin wannan gargaɗi a fili kan wasansa Destiny 2 a 2022.

Ga mai gidan gem a Auyo, layin farko na jerin nan shi ne mai muhimmanci. Ƙwallon ƙafa ke tara matasa da yamma, shi ke kawo ciniki. Wanda ke amfani da PlayStation abin bai shafe shi ba. Amma wanda ya haɗa kwamfuta da talabijin yana karɓar kuɗi a kan kowane wasa, idan ya goge Windows, ya kori abokan cinikinsa da hannunsa.

Haka abin yake ga masu buga wasannin waya a kwamfuta ta hanyar BlueStacks ko GameLoop, domin babu ko ɗaya daga cikinsu a Linux. Akwai madadi mai suna Waydroid, amma girka shi sai wanda ya goge, kuma ba kowane wasa ke yarda da shi ba.

A ɗaya ɓangaren, Counter-Strike 2 da Dota 2 suna da nau'in Linux na asali, kuma mafi yawan wasannin labari da na tsere da na dabarun yaƙi da ba sa buƙatar intanet suna tafiya lafiya.

Takaici na biyu: Katin hoto da shekarun na'ura

Kowane sashe na kwamfuta yana da 'yar manhajar da ke tuƙa shi, wadda ake kira direba. Direbobin katin hoto na AMD da Intel buɗaɗɗu ne, suna zuwa a cikin Linux tun daga farko. Na Nvidia, wanda ya fi yawa a kwamfutocin gem, sai an girka shi daban. An daɗe ana tsama tsakanin kamfanin da masu gina Linux, har Torvalds ya caccake shi a bainar jama'a a 2012. Nvidia ya buɗe wani ɓangare na direbansa a Mayun 2022, abubuwa kuma sun gyaru ƙwarai, amma har yanzu akan samu raguwar gudu a wasu sababbin wasanni idan aka gwada da Windows. Kwamfutar cinya mai kati biyu, ƙarami na Intel da babba na Nvidia, takan buɗe wasa da ƙaramin, mai ita ya yi ta mamakin inda ƙarfin na'urarsa ya tafi.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika ambata ba. Sabon Proton yana buƙatar katin da ya iya Vulkan sosai. Katin hoton da ke haɗe da furosesar Intel ƙarni na uku da na huɗu bai cika wannan sharaɗi ba, na ƙasa da haka kuwa bai iya ba sam. Irin waɗannan na'urori sun cika shagunan gwanjo saboda arha. Ke nan kwamfutar da Windows 11 ta ƙi saboda tsufa, Proton ma na iya ƙin ta, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Akwai tsohuwar hanyar fassara da za a iya komawa gare ta, amma gudunta bai kai ba. Waɗanda suka fi cin moriyar sauyin su ne masu Intel ƙarni na shida da na bakwai: Windows 11 ta bar su a baya, Linux kuwa ta karɓe su hannu bibbiyu.

Ƙananan sassa ma kan ba da wahala. Wasu katunan Wi-Fi na Broadcom da Realtek ba sa tashi sai an sauke direbansu, ga shi kuma ba a saukewa sai da intanet. Mafita ita ce a haɗa wayar Android da igiyar USB a ara mata data, domin Linux na gane wannan nan take. Hannun wasa na PlayStation 4 da 5 yana aiki ba tare da wata wahala ba.

Abin da ya fi shafar wannan yanki shi ne fanka. Manhajojin da kamfanoni ke bayarwa don sarrafa gudun fanka da ƙarfin na'ura, irin su Armoury Crate na Asus da Omen Gaming Hub na HP, na Windows ne kaɗai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin kwarin Haɗeja ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe kafofin iska, na'urar da ba a iya ƙara wa gudun fanka za ta rage wa kanta ƙarfi ko ta mutu ana tsakar wasa. Akwai madadin da masu sa-kai suka rubuta wa wasu na'urori, amma ba duka ba.

Takaici na uku: Data da wutar lantarki

Linux kyauta ce, amma data ba kyauta ba ce. Linux Mint ta kusa gigabait 3, Ubuntu ta 2024 kuma kimanin gigabait 6. Bayan an ɗora, ga sabuntawa, ga direbobi, ga Proton da abubuwan da yake dogara da su. Steam kuma kan riƙa sauko da wasu fayilolin hoto da aka riga aka sarrafa domin rage sarƙewar wasa, waɗanda kan cinye data ba tare da an lura ba, sai dai idan an kashe su. Wasu manyan wasanni sun haura gigabait 100 kowanne. Duk wannan na zuwa ne bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Nau'in Linux da aka zaɓa yana da tasiri a nan. Arch da danginta kusan kullum suna da sabon abu da za a sauke. Ubuntu mai dogon zango kuwa duk shekara biyu take fita, a watan Afrilu, da kulawar shekara biyar, kuma a kanta ake gina Mint. Ga mai ƙirga data, waɗannan sun fi sauƙi.

Saboda tsadar data, al'adar da aka saba ita ce a kwafi wasa daga wata ma'ajiya. A nan ma akwai cikas. Tsarin ajiyar fayil na Windows, NTFS, Linux na iya karanta shi, amma buga wasa kai-tsaye daga kansa yakan jawo wasan ya ƙi tashi. Sai an kwafe shi zuwa tsarin Linux, irin su ext4. Wasan da aka saya a Steam ana iya kwafe shi haka, dandalin ya tantance fayilolin ba tare da an sake saukewa ba. Wasannin da aka fasa kuwa, waɗanda ake zubawa a shaguna, ba su da wannan gata, bayan kasancewarsu saɓa wa dokar haƙƙin mallaka. Kuma ƙwayar cutar da aka cusa musu na iya tashi ta cikin Wine ta taɓa fayilolin mutum, don haka kariyar da ake alfahari da ita ba ta cika ba.

Sai wuta. Jigawa na ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na KEDCO tare da Kano da Katsina, kuma masu sana'a da dama a ƙananan garuruwa da janareta ko sola suke aiki. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta direban hoto ko zuciyar manhaja na iya barin na'ura da baƙin allo. Kwamfutar gwanjo da batirinta ya mutu ta fi shiga wannan haɗari. Manhajar Timeshift, wadda ke zuwa da Mint, tana adana hoton lafiyayyen tsari da za a koma masa, amma sai wanda ya kunna ta kafin ɓarna ta auku.

Takaici na huɗu: Kwamfuta ɗaya, aiki goma

A Auyo da makwabtanta irin su Kafin Hausa da Miga da Malam Madori, da wuya a samu kwamfutar da wasa kaɗai take yi. Na'ura mai ƙarfi jari ce. Da safe a buga katin ɗaurin aure da fosta, da rana a cike wa ɗalibai fom, da dare a buga ƙwallo. Ma'aikacin gwamnati kuma da ita yake haɗa rahoto da lissafin ofis.

CorelDRAW, wanda shagunan ɗab'i suka dogara da shi, ba shi da nau'in Linux. Haka Photoshop da Microsoft Office na girkawa. Akwai madadinsu na kyauta: Inkscape da GIMP da LibreOffice. Suna aiki, amma sai an sake koyo, kuma takardar da aka tsara a Word kan ɗan karkace idan an buɗe ta a LibreOffice, musamman mai jadawali da yawa. Manhajojin rajistar jarrabawa da na ɗaukar hoton yatsa da yawancin na gyaran waya don Windows ake rubuta su. Firintocin HP galibi suna aiki nan take, wasu tsofaffin na Canon kuwa sai an sha fama.

Wani abin farin ciki ga marubuta shi ne Linux na zuwa da tsarin madannai na Hausa, mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, ba sai an sauke komai ba.

Matsalar ƙarshe ita ce ta mai gyara. Yawancin masu gyara a kan Windows suka koyi sana'a, kuma maganin da aka saba bayarwa shi ne a goge a sake ɗora ta. Jigawa ba baƙuwar ilimin kwamfuta ba ce: tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa cibiyar fasahar sadarwa a Kazaure, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja. Ana samun ɗaliban da suka iya Linux. Amma ɗalibi ba shago ba ne da za a je masa duk ranar da allo ya yi baƙi, balle a damina irin ta 2020 da 2022, lokacin da ambaliyar Kogin Haɗeja ta yanke hanyoyi a yankin.

Najeriya ta taɓa gwadawa

A 2007 aka raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja ƙananan kwamfutocin XO masu aiki da Linux, a ƙarƙashin shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta. Yaran sun koyi amfani da su cikin sauri. Abin da ya dami shirin shi ne wutar caji da kuɗin intanet da gyara.

A shekarar ce kuma kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux ɗinsa a kwamfutocin Classmate 17,000 na Intel domin makarantun Najeriya. Da labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows, shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafi. Daga bisani hukumar gwamnati da ta ɗauki nauyin mafi yawan kwamfutocin ta ce za ta ci gaba da Linux. Kamfanin Mandriva kansa ya rushe a 2015.

A waje ma an ga irin haka. Birnin Munik na Jamus ya mayar da kwamfutocin ofisoshinsa kusan 15,000 zuwa Linux, aikin da ya ɗauki shekara goma daga 2003, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta sanar da shirin sauya kwamfutoci 30,000. Abin da ke raba nasara da faɗuwa a duk waɗannan misalai shi ne ko manhajojin aikin yau da kullum sun bi sauyin, da kuma ko akwai mai taimakawa a kusa.

Zama biyu a na'ura ɗaya

Ana iya ajiye Windows da Linux tare, a zaɓi ɗaya lokacin kunnawa. Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan mutane, amma tana da nata ƙananan fitintinu. Agogo kan bambanta da awa ɗaya, domin Linux na ajiye lokacin duniya a cikin na'ura, Windows kuma na ajiye na gida, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya. Tsarin saurin tashi na Windows kan kulle ma'ajiya ta yadda Linux ba za ta iya rubutu a kanta ba, sai an kashe shi. Idan an kulle ma'ajiyar da BitLocker, wajibi ne a rubuta lambar buɗewa a takarda kafin a taɓa komai. A Agustan 2024 wata sabuntawar tsaro ta Windows ta hana Linux tashi a wasu na'urori masu zama biyu. Wanda ke da hali, gara ya ba kowace ma'ajiyarta daban.

Kafin a goge komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu sauyawa da suka tsira daga nadama galibi waɗannan matakai suka bi:

1. A rubuta sunan kowane wasa da kowace manhajar aiki da ake buɗewa a mako. A duba wasannin ɗaya bayan ɗaya a ProtonDB, inda masu wasa ke bayyana abin da ya yi aiki da wanda ya ƙi. Idan akwai guda ɗaya da ake cin abinci da shi kuma ba ya aiki, kada a goge Windows.
2. A tantance ƙarnin furosesa da sunan katin hoto, a tabbatar ya iya Vulkan.
3. A kwafe takardu da hotuna zuwa wata ma'ajiya ta daban, a cire ta daga jikin na'urar.
4. A ɗora Linux a filas a tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da an girka ba. A gwada Wi-Fi da sauti da firinta da hannun wasa da fanka.
5. A yi aikin girkawa lokacin da wuta ke da tabbas, a kunna Timeshift tun ranar farko.
6. A ajiye filas ɗin Windows a gefe, domin hanyar komawa ta zama a buɗe.

Ma'aikacin da ke da na'ura ƙarni na shida ko na bakwai, wanda aikinsa rubutu ne da intanet, wasanninsa kuma na labari ne da yake bugawa shi kaɗai, zai iya ƙara wa kwamfutarsa shekaru da Linux ba tare da ya sayi sabuwa ba. Mai shagon ɗab'i da mai cibiyar rajista su riƙe Windows a kan na'urar aiki, su gwada Linux a kan wadda ba a dogara da ita ba. Mai gidan gem da cinikinsa ya rataya a kan ƙwallon EA kuwa, zaɓinsa a yanzu bai wuce Windows ko PlayStation ba, har sai ranar da kamfanin ya sauya shawara.